Wane Bango Ne Ya Riga Wane?

A watan Fabrairun 2024 aka ba wasu matasa uku kyautar dala 700,000 saboda sun karanta wani yanki na littafin da ba wanda ya buɗe shi. Littafin naɗaɗɗe ne kamar tabarma, ya ƙone ya zama gawayi tun shekara ta 79 Miladiyya, lokacin da dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya binne garin Herculaneum da ke bakin teku kusa da Napoli. Hoton cikinsa aka ɗauka da na'ura irin ta asibiti amma wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, su kuma suka koya wa kwamfuta ta gane tawada a jikin gawayi. Ɗaya daga cikinsu, Youssef Nader, ɗan Masar ne. Mu masu rubuta manhaja mun yi ta yaɗa labarin a tsakaninmu kamar ƙungiyarmu ce ta ci kofi.

Bayan murnar ta lafa sai wata tambaya ta tsaya mini a rai: a wane ɗaki aka tsinci waɗannan littattafai, kuma wa ya san da haka? Gidan da suke ciki, har yau mafi yawansa yana ƙarƙashin ƙasa, fiye da mita 20. Da na bi sawu, sai na tarar kusan duk abin da aka sani game da fasalin gidan ya fito ne daga taswira guda ɗaya, wadda wani injiniyan soja ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Karl Weber ya zana yana rarrafe a cikin rami da fitila.

A 1750 masu haƙar rijiya suka ci karo da daɓen wani katafaren gida a gefen tsohon garin. Irin gidan nan ne da Rumawa ke kira villa, wato gidan babban mutum a wajen birni, wani na shaƙatawa, wani na noma, wani kuma ya haɗa duka biyun. Wannan ya miƙe a bakin teku tsawon kimanin mita 250, kuma masana da yawa suna ganin na Calpurnius Piso ne, surukin Julius Caesar. A lokacin Sarki Charles na gidan Bourbon ke mulkin Napoli, kuma abin da yake so daga ƙasa shi ne kayan ƙawata fadarsa. Shugaban aikin, Alcubierre, injiniya ne daga Sifaniya. Tsarinsa shi ne a sauka ta rijiya, a yanka ramuka kamar na gafiya a cikin tokar da ta daskare ta zama dutse, a kwaso mutum-mutumi da duk wani abu mai kyau, sannan a cike ramin da ƙasar ramin gaba. Cikin ma'aikatan har da fursunoni.

Masanin Jamus Winckelmann ya ziyarci wurin, kuma a wata wasiƙa da ya buga a 1762 ya ba da labarin da har yau ake maimaitawa. Ya ce an samu wani rubutu da aka yi da manyan haruffan tagulla a jikin bango, sai aka ɓamɓare haruffan ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kwafi abin da suka ce ba, aka zuba su a kwando aka kai wa sarki. Haruffan duka sun isa fada lafiya. Saƙon kuwa ya mutu, domin ma'anarsa tana cikin jerin da aka wargaza. Duk mai aikin kwamfuta da ya taɓa karɓar tarin bayanai da aka cire musu alaƙar da ke tsakaninsu ya san irin wannan kwandon.

Weber mataimakin Alcubierre ne, kuma ba sa ga maciji da juna. Shi Weber yana so a bi bango a ga inda ya nufa, a auna shi, a rubuta. Duk inda ramin ya taɓa bango ko ginshiƙi ko bakin ƙofa, sai ya auna ya ɗora a kan takarda, ya sa alama a inda aka samu kowane mutum-mutumi, ya yi bayani a gefe da yaren Sifaniya. An fitar da mutum-mutumi sama da 80 na tagulla da na farin dutse. Daga 1752 aka fara samun littattafan, waɗanda da farko aka zaci gawayi ne, har adadinsu ya kai kimanin 1,800, yawancinsu rubuce-rubucen wani masanin falsafa ne mai suna Philodemus. Daga baya iska mai guba ta cika ramukan, aka toshe su a farkon shekarun 1760. Weber ya rasu a 1764. Gidan ya sake ɓacewa, takardar ta rage.

Takardar nan ta yi aiki iri biyu da mai ita bai taɓa zato ba. Attajirin man fetur na Amurka, J. Paul Getty, ya sa aka gina masa kwatankwacin gidan a bakin teku a Kalifoniya, a kan taswirar Weber, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1974. Getty ya mutu a Ingila a 1976 bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba. Na biyu kuma, da aka sake gano tsohuwar hanyar shiga a 1986, aka kuma tone wani ɓangare na gidan a fili tsakanin 1996 da 1998, sai aka ga bangayen suna inda Weber ya ce suke. Amma an ga wani abu kuma. Ashe gidan yana da wasu hawa a ƙarƙashin wanda Weber ya bi, suna gangarawa zuwa teku. Taswirarsa ta faɗi gaskiya a kan abin da ramukansa suka taɓa, ta yi shiru a kan sauran.

Akwai wani shirun da ya fi wannan girma. Taswira tana nuna gida kamar a rana ɗaya aka gina shi. Duk wanda ya tashi a gidan gado ya san ba haka abin yake ba. Kaka ya gina zaure da ɗakuna biyu, da yaya zai yi aure aka ɗora masa ɗaki a jikin katanga, aka toshe wata ƙofa aka fasa wata, inda rumbu yake a da yanzu banɗaki ne. Idan ka zana gidan daga sama, duk wannan ya baje ya zama layuka masu kama da juna. Aikin da masu tonon tarihi suka shafe kusan shekara 200 suna koyo bayan Weber shi ne yadda za a mayar wa layukan nan shekarunsu.

Hanya ta farko ita ce duba fuskar bangon. Rumawa suna da kankare nasu: ƙonanniyar farar ƙasa, da tokar dutse mai aman wuta wadda ake samu a yankin Pozzuoli, da ɓaraguzan duwatsu. Wannan ne cikin bangon. Fuskarsa kuwa ta riƙa sauyawa da zamani. Da farko ana jera ƙananan duwatsu marasa fasali yadda suka samu, shi ne opus incertum. A ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya aka koma sassaƙa dutsen ya zama mai kusurwa huɗu a fuska da tsini a baya, a kafa tsinin cikin kwaɓin, a jera su a karkace har bangon ya yi kama da ragar kamun kifi. Shi ne opus reticulatum. Vitruvius, maginin zamanin Augustus da ya bar littafi a kan gini, ya yaba kyansa amma ya yi ƙorafin yana saurin tsagewa. Daga nan jan bulo ya karɓi fage, musamman bayan gobarar birnin Rum ta shekara ta 64. Can gaba kuma aka riƙa haɗa layin bulo da layin dutse.

Wata Ba'amurkiya, Esther Van Deman, ita ce ta mayar da wannan kallon ya zama awo. Ta shafe shekaru tana bin kangayen Rum tana auna kaurin bulo da kaurin kwaɓin da ke tsakaninsu, ta buga sakamakon a 1912. Abin da aka lura da shi a dunƙule shi ne, yayin da ƙarnuka ke tafiya bulo yana sirancewa, kwaɓi yana kauri. Giuseppe Lugli ya faɗaɗa aikin a babban littafinsa na 1957, kuma har yau ɗalibi a Italiya yakan auna tsayin layin bulo biyar da kwaɓinsu biyar ya rubuta a takardar bango. Wani lokaci ma bulon da kansa yana ɗauke da shekara. Masu gasa bulo a kewayen Rum sukan buga hatimi a kansa tun yana ɗanye, da sunan mai filin da sunan mai aikin, wani sa'in har da sunayen manyan jami'ai biyu na shekarar, waɗanda da su Rumawa ke kiran shekara. Hatimin shekara ta 123 ya fi kowane yawa, kuma da irin waɗannan hatimai aka jera matakan ginin katafaren gidan Sarki Hadrian da ke Tivoli.

Sai dai fuska tana yaudara. Magini a ƙauye yana iya ci gaba da salon da birni ya daina shekara hamsin da suka wuce. Bulo yana iya kwana shekaru a ajiye kafin a yi aiki da shi, ko a ciro shi daga rusasshen gini a sake sa shi a sabo. Bulo mai hatimin 123 abu ɗaya kawai yake tabbatarwa: ba a gina wannan bangon kafin 123 ba. Zai yiwu a 124 ne, zai yiwu a 300.

Hanya ta biyu ta fi aminci, kuma duk birkila ya san ta. Je ka inda bango biyu suka haɗu. Idan duwatsunsu sun shiga cikin juna kamar yatsun hannu biyu, tare aka gina su. Idan kuwa ɗaya ya zo ya tsaya a jikin ɗayan, akwai miƙaƙƙen layi a tsakaninsu daga sama har ƙasa, to wanda ya jingina shi ne ƙane. In ka ga yaɓen tsohon bangon ya wuce ta bayan sabon, magana ta ƙare: an gama wancan har an yaɓe shi kafin a yi tunanin wannan. Ƙofar da aka toshe tana ba da matakai uku a wuri ɗaya, idan fasa ta aka yi daga baya: ginin bangon, fasa ƙofar, toshe ta. Haka nan a ƙasa. Kafin a kafa harsashi an haƙa rami, ramin ya yanke ƙasar da ta riga shi, bayan an gama an cike gefensa. Tsabar kuɗi ko tsingaron tukunya da ya faɗa cikin wannan cikon yana faɗa maka lokacin da bangon ba zai riga shi ba. Har bangon da babu shi ana rubutawa, domin waɗanda suka zo satar duwatsunsa bayan ƙarnuka sun bar rami daidai fasalinsa.

A nan ne za a ga illar bin bango da haƙa, wato abin da aka yaba wa Weber a zamaninsa. Mortimer Wheeler na Ingila ya yi kakkausar suka a kan wannan ɗabi'a a littafinsa na 1954. Wanda ya yanka rami a jikin bango daga farkonsa zuwa ƙarshensa ya raba shi da daɓen da ya taɓa shi da ƙasar da ta rufe shi, su ne kuwa shaidunsa. Ya samu fasali, ya zubar da shekaru.

Alaƙa ɗaya ko goma ana riƙe su a ka. Dubu goma fa? Wannan ce matsalar da ta sha kan wani matashi ɗan tsibirin Bermuda, Edward Harris, wanda aka ba aikin warware bayanan wani tono da aka yi a birnin Winchester na Ingila. A 1973 ya fito da dabara. Kowane abu da ya faru a wurin, bango ne, daɓe ne, rami ne, ciko ne, a ba shi lamba a cikin akwati. A ja layi daga na baya zuwa wanda ya riga shi kai tsaye, a zubar da duk layin da za a iya ganowa ta hanyar wasu. Sabo a sama, tsoho a ƙasa. Ya buga littafi a kai a 1979, kuma yanzu da wuya ka ga tono na kirki da ba a yin wannan jadawali.

Ranar da na fara ganin jadawalin Harris dariya na yi, domin kullum ina kallon ɗan'uwansa a fuskar kwamfutata. Git, manhajar da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don adana tarihin gyare-gyaren manhaja, a kan wannan tsari take: kowane gyara yana nuna wanda ya haife shi, rassa suna rabuwa su sake haɗuwa, kuma ba a yarda kibiya ta zaga ta dawo inda ta fito ba. Tun muna jami'a aka koya mana yadda ake jera irin wannan zane daga farko zuwa ƙarshe, da dabarar da Kahn ya buga a 1962. Abin da ba a koya mana ba shi ne abin da mai tono yake yi idan lissafin ya ƙi. A ce takardu sun nuna bango na 12 ya jingina da na 15, na 15 ya jingina da na 20, na 20 kuma ya jingina da na 12. Wannan ba zai yiwu ba, ɗa ba ya haifar kakansa. Kwamfuta za ta ce akwai kuskure ta tsaya. Mai tono kuwa sai ya koma gaban bango na 12 ya ƙura masa ido, sau da yawa kuma sai ya ga ƙasansa tsohon gini ne, samansa gyara ne da aka yi bayan ya zube. Lamba ɗaya aka ba abu biyu. A raba su, zagayen ya warware. Amma sai in bangon yana nan. In an riga an cire shi don a kai ga abin da ke ƙarƙashinsa, takardar ce kaɗai ta rage, da kuskurenta.

Mai karatu zai iya cewa, to duk wannan wahala a kan me? Amsar da ta gamsar da ni tana Settefinestre, wani gidan gona na Rumawa kusa da tsohon garin Cosa a Tuscany, kimanin kilomita 140 arewa maso yamma da birnin Rum. Sunan yana nufin tagogi bakwai, saboda bakunan ginin da suka rage a tsaye. Andrea Carandini ya jagoranci tawagar Italiyawa da Turawan Ingila suka tone shi daga 1976 zuwa 1981, suka buga sakamakon a mujalladi uku a 1985. Yana cikin wuraren farko a Italiya da aka yi wa gidan Rumawa irin wannan rubutu, kowane bango da takardarsa: da wa ya saƙu, da wa ya jingina, me ya yanke, me ya rufe shi.

An gina gidan wajen shekara ta 40 kafin Miladiyya, ana kuma danganta shi da iyalin Sestius, waɗanda ake samun tulunan giyarsu masu hatimi har a kudancin Faransa. Akwai ɓangaren maigida mai daɓen ado da zanen bango, da lambu wanda katangarsa ke da ƙananan hasumiyoyi kamar ganuwar birni ta wasan yara. A jikinsa akwai ɓangaren aiki, da wurin matse inabi da zaitun, da jerin ƙananan ɗakuna. Da aka jera bangayen bisa wanda ya riga wani, sai gidan ya rabu zamani biyu. Wajen farkon ƙarni na biyu aka daina matse inabi, aka gina sabon wurin wanka, da garken aladu, da wani sabon jerin ɗakuna kewaye da tsakar gida. Kafin ƙarnin ya ƙare gidan ya fara zama kango.

Carandini ya karanta waɗannan ɗakuna a matsayin makwancin bayi. A ganinsa gidan kamar rinji ne: da farko bayi maza masu noman inabi don kasuwar ƙetare, daga baya, da kasuwar giyar Italiya ta ja baya, aka koma kiwon aladu da barin bayi su hayayyafa. Marubutan Rum da suka yi littattafan noma, Cato da Varro da Columella, duk daga kujerar maigida suka yi magana. Varro, wanda ya rubuta nasa a daidai shekarun da ake gina Settefinestre, cikin kayan aikin gona ya lissafa bayi. Su bayin ba su bar littafi ba. Faɗin ɗakin da aka kwantar da su, da inda ƙofarsa ta kalla, da shekarar da aka ƙara wasu ɗakunan, kusan su ne duk abin da ya rage nasu. Idan aka rubuta bango ba daidai ba, su ne ake sake shafewa.

Ba kowa ya yarda da Carandini ba. Annalisa Marzano, a littafinta na 2007 a kan gidajen gona na tsakiyar Italiya, da wasu masanan, sun nuna cewa jerin ƙananan ɗakuna yana iya zama wurin ajiya ko na dabbobi ko na ma'aikatan da ba bayi ba, kuma an karanta ginin ne da idon littattafan nan uku. Muhawarar ba ta mutu ba. Abin da ya burge ni shi ne da kayan Carandini ake yaƙar Carandini. Saboda tawagarsa ta ware abin da ta gani daga abin da ta fahimta, wanda bai taɓa riƙe cebur a wurin ba yana iya ɗaukar awon ɗakunan da jerin bangayen ya fito da wata fassarar. Da kwandon haruffa suka bari, da ba abin da za a yi gardama a kai.

Yau aikin ya sauƙaƙa ta wani gefen. Ana ɗaukar hotuna ɗari na bango ɗaya, manhaja ta haɗa su ta fitar da siffarsa da kowane dutse a inda yake, aikin da a da mai zane zai kwana uku yana yi da igiyar awo da fensir. Ina son waɗannan kayan aiki, irinsu nake ci da su. Amma hoto ba ya cewa wannan ya jingina da wancan. Sai mutum ya durƙusa a kusurwar, ya share ƙasa da buroshi, ya sa yatsa a layin, ya yanke hukunci ya rubuta sunansa a ƙasan takardar. Sannan akwai tambayar da ta fi damuna a matsayina na ɗan wannan sana'a: wa zai iya buɗe fayil ɗin nan da shekara 50? Na taɓa gadon wata manhaja a wani wurin aiki, aka miƙo mini ita a dunƙule ba tarihin gyara ko ɗaya, wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin wurin. Wata biyu na yi ina bin ta layi layi ina tambayar wane ne ya riga wane, wane aka ɗora don toshe ɓarakar wane. Shekararta bakwai kacal a lokacin.

Taswirar Weber ta haura shekara 260. Tana nan a gidan tarihi na Napoli, ba ta buƙatar caji ko lasisi, kuma duk mai ido yana iya karanta ta. Masanan da ke fatan a ci gaba da tonon gidan, saboda suna zaton akwai sauran littattafai a hawan da ramukan ba su kai ba, da ita suke nuna inda aka riga aka bi da inda ba a taɓa ba. A kanta, a gefen ƙaramar tsakar gida, akwai wani ɗan ɗaki da Weber ya auna bangayensa huɗu. A cikinsa aka samu mafi yawan littattafan.